Taura Biyu a Bakin Direba

Damagaram gari ne da hanya ta raina. Tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa kafin rasuwarsa a 1884, ayarin raƙuma kan taso daga Tarabulus, ya ratso Gat da Agadas, ya sauke kaya a Zango, sa'an nan ya miƙa zuwa Kano. Fataken wancan zamani sun san cewa tafiya mai nisa ta fi ƙarfin hankalin mutum guda, saboda haka suka raba aiki: madugu ke riƙe da ragamar ayari, jagaba kuwa shi ke gaba yana duba hanya, yana neman rijiya da masauki. Da mota ta maye gurbin raƙumi, wannan tsari bai ɓace ba. Direba ya riƙe sitiyari, yaron mota ya ɗauki sauran ɗawainiya, wato lodi, da karɓar kuɗi, da amsa tambayar fasinja, da sa waigi in an tsaya a kan tudu.

Yau hanyoyi sun miƙe ta ko'ina. Hanyar Haɗin Kai ta taso daga Yamai, kusan kilomita 900, ta biyo ta Maraɗi da Tasawa, ta ratsa Damagaram ta nufi Gure da Diffa. Wata ta yi arewa zuwa Tanut da Agadas, wata kuma ta rabu a Takeita ta bi Matamaye zuwa iyakar Nijeriya. A kan waɗannan hanyoyi ne wani baƙo ya shigo gaban mota, ya zauna tsakanin direba da aikinsa. Baƙon nan shi ne wayar salula.

Babu mai musun alherin salula. Kafin kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, direban da motarsa ta lalace bayan Tanut sai ya zauna jiran wata mota ta gifta, ya ba da sallahu, wani lokaci ya kwana biyu a daji da fasinja da ƙishirwa. Yanzu, in dai akwai rezo, kira ɗaya ya isa makaniki ya taso. Wayoyin zamani kuma sun zo da taswira mai magana, wadda ke karɓar bayani daga taurarin ɗan adam ta gaya wa mutum inda yake da inda zai karkata. Baƙon da bai san lungunan Birni ba, ana aiko masa da alamar gida ta WhatsApp, ya bi har ƙofa. Daga 2014 da 2015 kamfanonin Apple da Google suka fito da CarPlay da Android Auto, dabarar da ke haɗa waya da ɗan allon da ke gaban mota, ta yadda direba zai yi kira ko ya saurari saƙo ba tare da ya ɗaga hannu daga sitiyari ba.

A kan wannan dabara ce gardama ta tashi a wani gida na unguwar Sabon Gari, tsakanin wani tsohon direban kamiyo da ɗansa. Dattijon ya shekara fiye da talatin yana jigila tsakanin Damagaram da Agadas, har idonsa ya fara rauni ya ajiye tuƙi. Ɗan kuwa yana jan motar fasinja a layin Maraɗi, kuma ya sayo irin wannan allo a Kano, aka ɗaura masa. Ya kawo motar ƙofar gida yana murna, ya nuna wa uban yadda murya ke fitowa daga lasifika, ya ce: «Baba, ka ga yanzu hannuna biyu suna kan sitiyari. Ko jandarma ya gan ni, ba shi da abin cewa.» Dattijon ya daɗe yana kallon allon, sa'an nan ya ce: «Yaro, tun da nake ban taɓa ganin hannu ya hango rami ba. Ido ke gani, zuciya ta yanke shawara, hannu ya bi umurni. In zuciyarka tana wurin mai kira, wa ka bar wa motar?»

Dattijon bai yi lekol ba, amma maganarsa ta yi daidai da abin da masu bincike suka gano. A 1997 wasu masana biyu a birnin Toronto na ƙasar Kanada suka duba lissafin kiran wayar direbobi 699 da suka yi haɗari, suka tarar cewa yiwuwar yin karo tana ninkawa kusan sau 4 a lokacin da mutum ke kan waya, kuma wayar da ba a riƙe ta a hannu ba ta nuna wani sauƙi na a zo a gani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a kan wannan matsayi take. Dalili kuwa a fili yake: mai hira da wanda ba ya gani yakan zana shi a zuci, yana auna muryarsa, yana shirya amsa, sai idonsa ya kafe wuri guda, ya daina leƙa madubi da gefen hanya. Fasinjan da ke zaune kusa da direba, in ya hango garke sai ya yi shiru, ko ma ya ce a yi hattara. Mai kira daga Yamai ba ya ganin garken, sai ya ci gaba da zancensa. Faransa, wadda ta hana riƙe waya a tuƙi tun 2003, ta ƙara da hana sa abin sauraro a kunne a 2015. Hausawa sun riga sun taƙaita batun da cewa taura biyu ba ta taunuwa.

Mai karatu ya yi wannan ɗan lissafi da kansa. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Direban da ya sunkuya daƙiƙa 4 don ya duba sunan mai kira, ko ya taɓa taswira, ya yi tafiyar mita 100 da fasinja goma sha tara kamar makaho. Mita 100 kuwa a hanyoyin Damagaram ba wofi ba ne. Taswira ta san inda kwalta ta karkata, amma ba ta san ranar Lahadi ce kasuwar Mirriya ke ci ba, ranar da amalanken shanu da jakuna ke cika bakin hanya tun da hantsi. Ba ta san inda iska ta tara rairayi a kan kwalta cikin dare ba, ko ranar da hazon hunturu zai rufe gari har a kasa hango mota a gaba. Ba ta san yaron da zai biyo akuyarsa a guje ba, ko tankin man da ya taso daga matatar SORAZ, wadda aka buɗe a 2011 a hanyar Tanut, yana tafe da nauyin da birki ba ya tsayar da shi nan take. A cikin gari ma haka abin yake, inda ake ganin ɗan kabu-kabu ya maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa, ga mace da goyo a bayansa, yana kutsawa cikin cunkoson Kasuwar Dole ranar Alhamis.

Sai dai ba adalci ba ne a ɗora wa direba laifin duka. Ɗan dattijon nan da kansa ya faɗi abin da ke damun ƴan uwansa masu tuƙi: «Baba, in Alhaji mai mota ya kira ban ɗauka ba, cewa zai yi na raina shi, ko kuwa ina ɓoye ciniki. In Inna ce, ya zan yi in ƙyale?» A nan gizo ke saƙar. Tarbiyyar Damagaram ta koya wa yaro cewa babba ba ya kira sau biyu. Wannan ladabi abin alfahari ne a zaure da tsakar gida, amma a kan kwalta yana iya zama ajalin mutane. Mai mota da ke son jin ko an cika kujeru, da ɗan kasuwa da ke tambayar inda buhunsa ya kai, da ƴar uwa da ta aiko da saƙon murya na minti biyar a kan hidimar biki, duk suna sa hannu a sitiyarin motar da ba su ciki. Fasinjoji kuma, da ransu ke hannun direba, sukan yi gum saboda kunya, in abu ya faru a ce ƙaddara ce. Alhali malamai sun sha karantar da cewa tawakkali yana tafiya ne tare da riƙo da sababi.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowace nahiya asara, ko da yake ita ce mai ƙarancin motoci. Hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurra da jandarmomi suna da nasu aikin, amma babu jandarman da zai iya zama cikin kowace mota daga Takeita zuwa Tasawa.

Maganin da dattijon ya kawo tsohon tsarin ayari ne. Bai ce a cire allon ba. Ya ce a saita taswira tun mota tana tasha, kafin a tayar da inji. In an hau hanya, waya ta koma hannun yaron mota, shi ne jagaba: ya amsa kira, ya ce maigida yana tuƙi, ya riƙe saƙo har a tsaya salla ko shan ruwa. In magana ta gaggawa ce, a sauka gefen hanya, minti biyu ba su hana isa Maraɗi. Sa'an nan dattijon ya sa hularsa ya tafi wurin mai motar da ƙafarsa, ya ce: «Alhaji, in kana son motarka ta dawo da ƙafafunta huɗu, ka riƙa kiran yaron mota.» Alhaji ya yi dariya, ya karɓi lambar yaron.

Abin da gida ɗaya ya iya, sandikar direbobi za ta iya mai da shi ƙa'idar tasha, limamai su tuna da shi a huɗuba, gidajen rediyo su yaɗa shi. Wanda duk ya kira direba, bayan sallama, tambayarsa ta farko ta zama: «Kana tuƙi?» In amsa i ce, ya kashe, ya jira. Fasinja kuma ya cire kunya ya yi magana cikin ladabi, domin kuɗin mota ya biya, bai sayar da ransa ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya kiyaye matafiya, ya kai kowa gidansa lafiya, amin.