Gem ɗin hannu na da, da sunan da na tarar a cikin wani kaset

1/ Zaren nan zai yi tsawo, ku yi haƙuri. 🧵 Kafin ƙaramar Sallah Umma ta ce in fitar da kayan ɗakin marigayi Yayanmu, za a yi fenti. Shekara takwas ba wanda ya iya buɗe akwatinsa. Can ƙasa, cikin safa, na tarar da Game Boy Advance SP da kaset shida ɗaure da roba.

2/ Na zauna a ƙasa na kusa minti goma ina kallonsu. Wanda bai taso da abun nan ba zai ce mene ne a ciki, tsohuwar roba ce kawai. Amma mu a gidanmu a kan robar nan aka yi faɗa, aka yi sulhu, aka sha bulala, kuma a kanta na koyi rabin Turancin da nake ji.

3/ Kafin ita, abin da muka sani shi ne Brick Game, wadda aka rubuta wa 9999 in 1 a goshi. Ƙarya ce mai daɗi: 'yan wasanni ne kaɗan ake ta juyawa. Sai Snake a Nokia 3310 ɗin Baba in ya yi barci. Duk wanda ya yi wannan zamani, ina gaisuwa, kun fara tsufa. 😂

4/ Yaya ne ya fara shigo da ta gaske, Game Boy Color, daga wajen 'yan gwanjo. Daga baya ya haɗa kuɗin ɗinki ya canza zuwa SP. Doka ɗaya ce: ba na taɓawa sai na yi masa wanki. Wallahi ban taɓa wanke kaya da zuciya ɗaya irin na lokacin ba.

5/ Toh, na nemo caja da ƙyar, na kunna. Tun ranar nake buga su ɗaya bayan ɗaya, har na sayo wasu. Tambayar da nake yi wa kaina: daɗinsu na gaske ne, ko kewar yarinta ce ke ruɗa ta? Amsar ita ce wasu sun tsufa, wasu kuwa ko gezau. Ga waɗanda ban yi nadama ba.

6/ Tarihi kaɗan tukuna. Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Game Boy a 1989. Fuskarta kore-kore ce, ba kala, ba fitila, tana cin batir huɗu. Injiniyan da ya jagoranci aikin, Gunpei Yokoi, da gangan ya zaɓi tsohuwar fasaha mai arha wadda ba ta shan batir.

7/ Abokan hamayya kamar Game Gear ta Sega sun zo da kala da haske, amma batir shida suke lamushewa cikin 'yan awanni. Game Boy da ƙanwarta Color suka sayu sama da miliyan 118. Ɗan Najeriya ba sai an yi masa bayani ba: abin da ke daɗewa ba wuta shi ne sarki.

8/ NA FARKO: Tetris. Alexey Pajitnov ya ƙirƙire shi a Mosko a 1984, zamanin Tarayyar Sobiyet. Bulo ne iri bakwai ke faɗowa, ka jera, layi ya cika ya ɓace. Shi kenan. Ba labari, ba Turanci, ba wanda zai ce bai gane ba.

9/ Na miƙa wa Umma don tsokana. Ta ce ita ba ta wasan yara. Bayan Isha'i na leƙo na same ta da tabarau a hanci tana cewa "wannan dogon ya ƙi zuwa." Duk wanda ya taɓa gina rami yana jiran dogon bulo ya san wannan baƙin cikin.

10/ NA BIYU: The Legend of Zelda: Link's Awakening, 1993, mai kala ya fito 1998. Jirgin ruwanka ya kife, ka farka a wani tsibiri, aka ce ba ka fita sai ka tattaro kayan kiɗa takwas ka tashi wani abu da ke barci cikin ƙaton ƙwai a kan dutse.

11/ Ba zan faɗi ƙarshensa ba. Abin da zan ce kawai, da ina yaro na ɗauka wasan sara da takobi ne. Yanzu da na girma na gane labari ne a kan rabuwa da abin da kake so alhali ka san dole ne. Ku riƙe wannan kaset ɗin a rai, zan dawo kansa.

12/ NA UKU: Pokémon Gold ko Silver, 1999. Akwai agogo a cikin kaset ɗin, in dare ya yi a garinku dare ya yi a cikin wasan, dabbobin da ke fitowa ma su canza. Ka gama yanki guda kana murna, sai a buɗe maka wani yankin sukutum, lambobin yabo su zama 16.

13/ A nan na koyi Turanci na dole. Ina riƙe da ƙamus a hagu, gem a dama, don in ban gane maganar mutumin ba ban san inda zan nufa ba. Malamin Turanci ya yi shekara yana fama da ni, Pokémon ya gama aikin a hutu ɗaya.

14/ NA HUƊU: Advance Wars, 2001. In kana son dara ko darbi, naka ne. Kai ka motsa sojojinka, abokin karawa ya motsa nasa. Ba saurin yatsa, lissafi ne: tanka na cin sojan ƙasa, jirgi na cin tanka, mai harbo jirgi na jiransa a gefe.

15/ Daɗinsa, mutum har huɗu za su iya bugawa da na'ura ɗaya, ana miƙawa hannu zuwa hannu. Mun yi a majalisa ran wata Asabar da aka ɗauke wuta. Mutanen da kullum kowa kansa na kan waya, ranar har musu aka yi da ihu kamar ana kallon ƙwallo.

16/ NA BIYAR: Mario Kart DS, 2005. Sai da na sayi DS Lite saboda shi. Abin da ya sa: kaset ɗaya ya ishi mutum takwas su yi tsere tare, in dai kowa na da DS ɗinsa kuma kuna kusa. Ba data, ba intanet, ba rajista.

17/ Ban manta da ku ba 'yan PSP. Sony ta fitar da ita a Japan a ƙarshen 2004. A unguwarmu mai PSP ɗan gata ne, PES kawai ake bugawa har batir ya mutu. Gaskiya mai ɗaci: PES ɗin ya tsufa, in ka saba da na yanzu za ka ji 'yan wasan kamar itace.

18/ Amma God of War: Chains of Olympus na 2008 har yau in ka kunna sai ka yi mamakin yadda aka cusa shi a abu mai shiga aljihu. Na manya ne dai, akwai jini da abin da bai dace da yara ba, kar a miƙa wa ƙanne. In kana son mai sanyi, nemi Lumines, bulo da kiɗa.

19/ Wani zai ce, Malam, duk wannan ai akwai a waya. Haka ne, akwai manhajojin da ke kwaikwayon na'urorin, ban raina su ba. Amma taɓa gilashi daban, danna maɓalli daban. Kuma a waya kana tsaka da wasa saƙo zai shigo, ka leƙa, sai ga ka a TikTok bayan awa biyu.

20/ Ga kuma abin da ya fi damuna. Yawancin gem ɗin waya na yanzu ba a yi su don ka gama ba, an yi su don kar ka tashi: talla, sayi wannan, jira awa shida ko ka biya. Kaset ɗin da kuwa sau ɗaya ake saye. Yana da farko, yana da ƙarshe, ya sallame ka ka koma harkarka.

21/ Kuma naka ne. A Maris 2023 aka rufe shagon intanet na 3DS, wasannin da a can kaɗai ake sayar da su ba ka da hanyar sayensu kuma. Kaset ɗin 1989 kuwa, in ka goge bakinsa ka zura, zai tashi. Ba ya tambayar ka kalmar sirri.

22/ In za ka saya, ga shawara. GBA SP ta fi dacewa da mai farawa: tana cin kaset ɗin Game Boy, na Color da na Advance duka, ana cajinta, tana da fitila. Mai lamba AGS-101 a bayanta ta fi AGS-001 haske nesa ba kusa ba. Sai dai ba ta da ramin abin sauraro na kunne.

23/ DS Lite tana cin kaset ɗin DS da na Advance, amma ba ta cin na tsohuwar Game Boy. Duba maganaɗisun... a'a, duba mahaɗin da take ninkewa, a nan take yawan tsagewa. PSP kuwa buɗe murfin batir ka gani, in ya kumbura kar ka caja shi, canza shi.

24/ Jabun kaset sun cika kasuwa, musamman Pokémon. Ni ma an taɓa yi min, na buga kwana uku ajiyar ta goge. Na asali yawanci akwai 'yan lambobi da aka danna a jikin takardar gaba, sai ka karkata ta wajen haske za ka gani. Kuma kar ka biya sai ka kunna, ka ajiye, ka kashe, ka sake kunnawa.

25/ Yanzu abin da ya sa na rubuta zaren nan. Tsofaffin kaset da yawa suna riƙe ajiyarka ne da wani ɗan batir mai kamar kwabo a ciki. Ran da ya mutu, komai ya tafi. Na Gold da Silver sun fi saurin mutuwa saboda agogon nan da ke ci dare da rana.

26/ Na zura Pokémon Gold ɗin Yaya. Babu komai. Dabbobin da ya yi shekaru yana tarawa, sunayen ban dariya da ya sa musu, duk sun tafi, wataƙila tun yana raye. Ba laifin kowa ba ne, batir ne ya yi iya kwanansa. Amma sai da na ji abu ya tokare min wuya.

27/ Hannuna na rawa na zura Zelda. Wurin ajiya uku ne. Na farko sunansa. Na biyu an rubuta AUTA. Ni ke nan. Na manta sam ya taɓa buɗe min nawa. A nasa zukata sun kusa cika, a nawa guda huɗu, ga adadin mutuwar da na yi a rubuce, abin kunya. 😭

28/ Na shiga nasa. Mutanen garin suna ta kiransa THIEF, wato ɓarawo. A wasan, in ka saci kaya a shago, sunan da za a riƙa kiranka ke nan har ƙarshe. Yaya, ustazun gidanmu, mai yi min wa'azi a kan canjin cefane, ashe baka ya sata don ya ƙi biyan 980. Na yi dariya har na yi kuka.

29/ Ban yi gangancin canza batirin ba, don da ka cire shi ajiyar ta tafi. Akwai 'yar na'ura da ake zura kaset a haɗa da kwamfuta a kwafe ajiyar tukuna. Na yi odarta, na jira sati uku kullum gabana na faɗuwa. Ta iso, na kwafe, na adana a wuri uku. Alhamdulillah.

30/ Ya tsaya ne a gidan dodo na bakwai, saura kaɗan ya gama. Na yi ta tunanin in ƙarasa masa. Na fasa. Nasa na nan yadda ya bari. Na koma kan AUTA mai zukata huɗu, daga nan nake tafiya, kullum kaɗan bayan Isha'i, in Umma ta sakar min na'urar.

31/ In akwai irin wannan a wani akwati a gidanku, kar ka ce sai wani lokaci, batirin ba ya jira. Ku faɗa min a ƙasa wanne kuka fara bugawa, kuma wa ya miƙa muku. Wanda ya karanta har nan, don Allah ya sa Yaya a addu'a. Allah ya jiƙan namu da naku.