Ƙugiyar Haɗeja

Sunan garinmu kan zo da fuska uku a rubuce: Hadejia a takardun gwamnati, Hadeja a wayar mai gaggawa, Haɗeja kamar yadda muke furta shi. Mutum ya san duk abu ɗaya ne. Kwamfuta kuwa ba ta san kara ba, domin a tsarin Unicode lambar "d" daban, ta "ɗ" daban.

Ina cikin masu rubutu a Wikipedia ta Hausa, kuma fadamar Haɗeja da Nguru na fi mayar da hankali a kai: yadda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka sauya lokacin ambaliya, da yadda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa har masunta da manoman shinkafa suka shiga uku. Idan wani ya ajiye bayanin kacala ƙarƙashin Hadejia, ni na ajiye na madatsu ƙarƙashin Haɗeja, ɗalibin da ya nema daga Auyo ko Guri rabin labari zai samu. Shi ya sa nake tare da masu cewa kanun shafi ya bi daidaitacciyar Hausa, sauran rubuce-rubucen su riƙa kai mai nema gare shi. Masana sun zauna kan ƙa'idojin nan a Bamako a 1966 da Yamai a 1980, amma mu da ba mu taɓa ganin juna ba mun fi kowa bukatarsu.

Ƙa'idar da ta fi yi mini nauyi ita ce ta rashin ɗaukar ɓangare. Na tashi ina jin kirarin Sarki Buhari, wanda ya bijire wa Sakkwato har rasuwarsa a 1863. A gida gwarzo ne, a wasu littattafai ɗan tawaye. Dole in kawo maganganun biyu, kowace da madogararta, in bar kirarin a bakina. Abin da ciwo, sai dai Basakkwace ma ƙa'idar ta ɗaure shi kamar yadda ta ɗaure ni.

Akwai masu ƙorafin cewa tsanantawa na korar sababbin marubuta, musamman waɗanda wayoyinsu ba su da haruffa masu ƙugiya. Suna da gaskiya. Idan yaro ya rubuto tarihin Kafin Hausa ba ƙugiya, aikina in sa masa ƙugiyar, in nuna masa inda zai samo ta a wayarsa, in yi masa godiya.