Daga Kinkinau Zuwa Gidan Sardauna

Yaran Kinkinau a Kaduna aka haife su, amma da yawansu ba su taɓa ganin inda aka mulki Jihar Arewa ba. Don haka muka raka 'yan aji shida na wata firamare ziyarar yini guda. Muka fara da zauren Lugard, inda Majalisar Wakilan Arewa ta riƙa zama. Daga nan sai Gidan Arewa, inda aka kashe Sardauna Ahmadu Bello ran 15 ga Janairu, 1966, Allah ya jiƙansa. Azahar kuwa a Masallacin Sultan Bello muka yi ta. To, attajirai da ma'aikata, sau da yawa kuɗin mota ke hana yara zuwa. Wa zai ɗauki nauyin aji ɗaya?