Inda na'ura ke tsayar da lissafi

A majalisun dara na Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, ba a yi wa mutum kirari don ya ci ɗa guda. 'Yan kallo sukan jira ramuwa tukuna, domin sau da yawa cin farko tarko ne. Wannan jiran ne masu rubuta manhajar ces, darar nan mai sarki da sarauniya da dawaki, suka sha wuya kafin su koya wa kwamfuta.

A 1950 Claude Shannon, masanin lissafi ɗan Amurka, ya yi wa 'ya'yan ces kima: sarauniya 9, doki 3, kurtu 1. Na'ura takan hango 'yan motsi a gaba, ta tsaya, ta ƙirga abin da ya rage wa kowa. Wurin tsayawar ne matsala. A ce lissafin ya ƙare daidai lokacin da sarauniya ta ci kurtu: na'ura za ta rubuta ribar 1, alhali ga wani kurtun nan a gefe zai cinye sarauniyar, a tashi da asarar 8. Shannon ya hango haka, ya ce kada a auna allo sai ƙura ta lafa.

Bin kowace ramuwa har ƙarshe yana cin lokaci, sai aka samo gajeriyar hanya, wadda manhajoji irin su Stockfish ke amfani da ita. Ana ɗaukar gida guda, a jera duk 'ya'yan da za su iya ci a cikinsa, kowane ɓangare ya fara da mafi arha. Sannan a yi lissafin daga ƙarshe zuwa farko, ana tambaya a kowane mataki: ramawa ta fi, ko janyewa? Wannan tambayar ce ƙashin bayan dabarar, tun da babu dokar ces da ta wajabta ramuwa. Kirdado ne mai sauri, kuma yakan yi kuskure idan ɗan da aka lissafa yana tsare sarkinsa, ba shi da ikon motsawa.

Ɗalibin kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ke son sa dara a waya ba zai iya kwafo wannan dabara ba. A dara mai gida 30 da 'ya'ya 12 ga kowa, wanda ya jera uku shi ke ɗauke ɗan abokin wasa, galibi daga wani sashe na daban, kuma duk 'ya'yan kimarsu ɗaya. Babu gida guda da ake rikici a kansa. Abin aunawa shi ne jerin wa aka rusa, kuma wa ya kafa tsarin da zai riƙa ci a kowane motsi.

Wannan ma'aunin yana kan dattawa, a ƙananan hukumomin da 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka da dama. Kafin ya taɓa kwamfuta, ɗalibin yana buƙatar littafin rubutu da wurin tsugunawa a gefen majalisa bayan la'asar.