Sati Guda Ina Neman Muryar Aljani

Mai karatu, wannan watan ba sharhin fim zan yi maka ba. Labarin yadda aka ƙure ni zan ba ka, domin ni ma na ɗanɗana abin da 'yan fim ke ji idan alƙalamina ya hau kansu.

In ba ka manta ba, kwanakin baya na yi wa wani fim kaca-kaca a kan sautinsa. Na ce duk sa'adda aljani zai bayyana a finafinanmu ƙara ɗaya ake sakawa, wannan "wiiiii" ɗin mai tashi sama kamar an taka wutsiyar kyanwa, sai dariya mai amsa-kuwwa ta biyo baya. Na ce da aljanin Kano da na Kaduna da na Jos duk maƙogwaro ɗaya suke karɓa-karɓa. Na kuma rufe da cewa masu haɗa sautinmu ragwaye ne. Kalmar nan ta ƙarshe ita ta jawo mini.

Kwana uku da fitowar mujalla sai ga wayar wani dattijo a harkar, wanda tun zamanin kaset yake zaune gaban na'ura. Ba zan faɗi sunansa ba, don bai ba ni izini ba. Bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Malam mai sharhi, in ka sami sarari ka leƙo situdiyo mu gaisa." Na je ina ɗar-ɗar. Bayan mun gaisa sai ya jawo wani baƙin akwati daga ƙarƙashin tebur, ya kaɗe masa ƙura, ya tura mini. Ya kuma tura mini wani sin a waya, sakan arba'in: mace ta farka tsakar dare, ta fito tsakar gida da fitila, ta tsaya, ta waiwaya, ba kowa. Ya ce, "Ga kayan aiki, ga sin. Sati guda na ba ka. Kawo mini muryar abin da ke bayanta, tunda mu ragwaye ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ni ban iya fiyano ba." Ya ce, "Ba fiyano ba ne."

Gaskiyarsa. Mu a nan duk abin da ke da fararen haƙora da baƙaƙe fiyano muke ce masa, musamman Yamaha PSR ɗin nan da aka gina waƙoƙin finafinanmu a kanta tun ƙarshen shekarun 1990. Ita waccan rumbu ce, an riga an zuba mata sautuka daga masana'anta, ka danna lamba kaza ta ba ka sarewa, ka danna wata ta ba ka ganga. Wanda aka ba ni kuwa sintasaiza ne na analog, ƙirar Korg MS-20 mini, wanda kamfanin ya fitar a 2013 a matsayin ƙaramin kwafin na asali na 1978. Haƙora 37 gare shi, ba ya fitar da murya biyu a tare, kuma ba komai a cikinsa. Wallahi ba komai. Wutar lantarki ce kawai take kaɗawa a ciki, kai za ka murɗa mata kunne har ta zama sauti. Fuskarsa cike da 'yan maɓallan murɗawa, gefen dama kuma ramuka birjik da ake soka wayoyi, sai ka ce tsohon ofishin tarho.

Bari in bayyana maka yadda yake aiki da irin tawa fahimtar. Da farko akwai abin da na raɗa wa suna uwar sauti, guda biyu ne. Aikinsu su girgiza wuta, in ta girgiza a hankali murya ta yi kauri, in ta yi sauri ta yi siriri. Ɗanyen sautin da suke fitarwa ba daɗin ji, kamar zuzar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Daga nan sai ya bi ta rariya. Rariya biyu ce, ɗaya tana tace kaifin sama ta bar kaurin, ɗayar tana zubar da kaurin ta bar kaifin. Sai kuma wani sashe da ke tsara numfashin sautin, wato ya shigo da ƙarfi kamar mari ne ko ya lallaɓo kamar ɓarawo, ya daɗe ko ya mutu nan take. Akwai kuma wata ƙaramar uwar sauti mai nawa, wadda kunne ba ya jin ta, aikinta ta riƙa jijjiga sauran kamar hannu a kan igiyar goge. Shi ke nan fa. Abin ya fi kama da sassaƙa, ana ba ka kututture ne kai ka rage.

Daren farko na kulle ɗaki, na sa abin ji a kunne, na fara murɗe-murɗe. Akwai wani maɓalli kusa da rariyar wanda in ka kai shi ƙarshe sai ita kanta rariyar ta kama ihu. Na murɗa shi, na ja na kusa da shi a hankali. Mai karatu, ka san abin da ya fito? "Wiiiii." Ita dai. Ƙarar da na zagi mutane a kanta, ita ce abu na farko da hannuna ya haifa, cikin minti goma. Abin haushin ma, sai da na ji daɗinta. Na ɗora ta a kan sin ɗin, matar ta waiwaya, sai na ga kamar motar asibiti ce ta shigo mata gida.

Da na ga abin ba na wasa ba ne sai na koma ga finafinan da na sani, in ji yadda manya suka yi. Shi wannan nau'in na'ura wani injiniya Ba'amurke, Robert Moog, na cikin waɗanda suka fara fito da shi a 1964, a lokacin girmansa ya kai kabad, kafin ya yi ƙaramin da ake kira Minimoog a 1970. 'Yan fim ba su ɓata lokaci ba suka rungume shi. Ka tuna ɗan mutum-mutumin nan R2-D2 na Star Wars, na 1977, mai magana da fito da tsuwwa? Ben Burtt ne ya yi masa murya, ya gauraya sautin wata na'ura mai suna ARP 2600 da tasa muryar yana gwalangwaso irin na jarirai. Shi ya sa ba ya furta kalma ko ɗaya amma kana gane lokacin da ya ji tsoro da lokacin da yake tsiwa. A farkon Apocalypse Now na 1979, ƙarar jirgi mai saukar ungulu da ke kewaya kan mai kallo ba ta jirgin gaske ba ce, da sintasaiza aka ƙera ta, don ta yi kama da abin da ke cikin kan sojan da ke kwance yana kallon fanka. Walter Murch, wanda ya jagoranci sautin fim ɗin, yana cikin waɗanda suka karɓi Oscar a kansa. Mu masu son fim ɗin Indiya ma ba baƙon abu ba ne a kunnenmu. Busar macijin nan ta Nagin na 1954, wadda kowa ke rantsuwa algaitar masu wasa da maciji ce, Kalyanji ne ya fitar da ita daga wani ɗan fiyanon lantarki mai suna Clavioline.

Abin da na lura da shi a cikinsu duka, ba wanda ya fara da tambayar wace ƙara ce mai ban tsoro ko mai daɗi. Sin ɗin suka fara kalla. Ni kuwa kwana biyu ina murɗa na'ura ban ko sake duban matar ba.

Na koma na kalle ta sau ba adadi. Sai na ga lokacin hunturu ne, ta lulluɓa da mayafi mai kauri. To mene ne ake ji a tsakar gida da ƙarfe biyun dare a hunturu? Iska. Na'urar tana da wani rami da ke ba da "shuuuu" irin ta rediyo in tasha ta ɓace. Na soka waya na kai ta rariya, na rage kaifin, na riƙa buɗewa da rufewa da yatsa a hankali. Kai! Iskar hunturu ce sak ta taso mini a kunne, har da ɗan fiton da take yi in ta bi ta ƙasan ƙyauren langa-langa. Na yi kusan awa guda ina wasa da ita kamar yaro. A ƙarƙashinta na shimfiɗa wani gurnani mai kauri ƙwarai, na saɓa uwayen sautin biyu kaɗan don su riƙa gogar juna, sai abin ya koma kamar numfashin wata dabba a bayan katanga.

A nan na tafka wauta. Na ce dare ya yi, gobe na naɗa. Da safe na fita, ɗan yayata mai shekara biyar ya shiga ɗakin. Kafin in dawo ya murɗa kowane maɓalli, ya zare wayoyin ya yi sarƙa da su. Ita kuma wannan na'ura ba ta da ƙwaƙwalwar ajiya, sautinka yana nan ne kawai muddin maɓallan suna inda ka bar su. Wannan ma na cikin abin da ya sa makaɗa suka yi tururuwa zuwa na dijital bayan Yamaha ta fito da DX7 a 1983, don a can lamba ɗaya za ka danna sautin jiya ya dawo. Na yi kwana biyu ina neman gurnanin nan. Na sami ƙaninsa, na sami ɗan'uwansa, shi dai har yau ban sake jin sa ba. Daga ranar na sayi littafi ina zana inda kowane maɓalli ya tsaya, kamar mai rubuta laƙani.

Ran kwana na shida na gane abin da ya fi komai a sin ɗin. Na bar iska da gurnani suna tafe tun fitowarta, ƙasa-ƙasa, yadda mai kallo zai saba da su har ya manta suna nan. Daidai sa'adda ta waiwaya sai na yanke komai ɗif. Shiru. Na kalla ni kaɗai da dare, tsigar jikina ta tashi. Na ce yawwa, dattijo zai san ya taɓo ɗan boko.

Na kai masa ina taƙama. Ya sa a manyan lasifikokin situdiyo, ya saurara ido rufe, ya ce, "Ba laifi. Ka yi kunne." Kafin in gama murmushi sai ya tura sin ɗin cikin wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, ya miƙo mini, ya ce, "To saurara a nan."

Mai karatu, babu gurnani. Ya ɓace gaba ɗaya. Iskar ta koma kamar ana soya ƙwai a maƙwabta, shirun da nake alfahari da shi kuwa sai ka ɗauka data ce ta ƙare. Ya ce mini kunnen ɗan Adam yana jin kaɗawa daga wajen 20 zuwa 20,000 a sakan guda, gurnanina yana can wajen 50, ita kuwa 'yar lasifikar waya ba ta da ƙirjin fitar da irin wannan kauri. Ya ce, "Mutanenka a ina suke kallo? A waya, a shago, janareta na ruri, yara na kuka. Wiiiii ɗin da kake zagi, ita ce take tsallake duk wannan ta isa kunne. Kai sati guda ka samu a kan sakan arba'in. Ni jiya da la'asar aka kawo mini fim na awa guda, aka ce gobe za a ɗora shi."

Ban ce uffan ba. Sai ya jawo na'urar, ya dubi zanen littafina, ya mayar da maɓallan, sannan ya ɗan buɗe rariyar, ya bar wani kaushi-kaushi ya hau saman gurnanin. Ya ce in waya ta fitar da 'ya'yan sautin na sama, kunne da kansa zai cike uwar da ba ya ji. Muka sake sawa a fasasshiyar wayar, sai ga dabbar ta dawo bayan katanga. Bai kai minti biyar ba ya yi wannan. Ashe ya san hanyar tun tuni, ba a dai taɓa ba shi sati guda ba.

Kada ka ɗauka na janye maganata duka. Har gobe ina nan a kan cewa aljani ɗaya ne ke yawo a finafinanmu, kuma abin kunya ne a kashe kuɗi a kan motoci da gidajen haya da kayan sawa, sannan a tuna da sauti ana gobe fim zai fita. Kalmar ragwaye ce na janye, na kuma ba da haƙuri a nan inda na faɗe ta. Wanda ya kamata in tasa a gaba shi ne furodusan da ke ba da kwana ɗaya, da daraktan da bai taɓa zama ya tambayi kansa me ake ji a sin ɗinsa ba.

Fim ɗin ya fito a satin da ya wuce. Na zauna na jira sin ɗin da zumuɗi. Ga iskata nan, ga gurnanin da dattijo ya gyara, matar ta tsaya, ta waiwaya. Daidai inda na bar shiru sai na ji "wiiiii", har da dariyar. Na kira shi a take. Ya ce furodusa ne ya kalla ya ce shi bai ji aljani ba, a saka masa aljani. Sannan ya ce in ban gaji ba in zo in ɗauki akwatin, akwai wani sin na rijiya da yake so a gwada, amma wannan karon kwana biyu zai ba ni, kuma in taho masa da littafin zanen.