Kafin Ka Ce Inji Ya Mutu, Auna Rijiyarka



Mu da muka taso a gulbin Maggiya mun san rani da sautinsa. Da an fito sallar asuba, ƙarar injunan ban ruwa ce ke cika fadama. Kakanninmu da jigo da ƙwarya suka yi noman garka. Mu kuwa yau rayuwar gida ta rataya ga wani ɗan ƙarfe da yaro biyu ke iya ɗauka. Albasar Galmi da ake lodi zuwa Gana da Abijan, wannan ɗan injin ne ke shayar da ita. Ranar da ya ƙi ba da ruwa, maigida ba ya barci, don albasar da ta fara kai ba ta san uzuri ba. Kwana kaɗan na ƙishirwa a watan Maris sun isa su rage buhunan da mutum ya riga ya ci bashi a kansu.

A irin wannan ruɗewar ne ake asarar kuɗi. Sau nawa muka ga mutum ya sayar da tunkiya, ya garzaya Ƙonni ya ɗauko sabon inji, ya haɗa, shi ma shiru? Shawararmu ita ce a bi ciwon daki-daki, daga abin da ba ya cin kuɗi zuwa abin da ke ci. Tambayar farko mai sauƙi ce: injin ya ƙi tashi ne, ko yana tashi amma ba ruwa? Ciwo biyu ne, maganinsu daban.

In ya ƙi tashi, fara da mai. Esansin kwalba na bakin hanya wani lokaci yana zuwa da ruwa ko datti. Tsiyaya kaɗan cikin farar kwalba ka ajiye. In da ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa. Daga nan kwance buji. In ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, galibi matatar iska ce ƙurar hunturu ta toshe. Wanke soson da sabulu, shanya shi ya bushe, ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka matse. Sai ka duba baƙin man kansa. Yawancin injunan nan an yi su ne a kan tsarin Honda GX160, cikinsu bai ɗaukar abin da ya wuce kamar lita 0.6, kuma da yawansu suna da wata na'ura da ke kashe inji da kanta in mai ya yi ƙasa. Ko ajiye shi a karkace kan gangare na iya sa ya mutu. Ƙa'ida ita ce a canza baƙin mai duk awa 100 na aiki. Mai ban ruwa awa biyar kullum, kwana ashirin ke nan. To, a tsakaninmu su nawa ne ke ƙidaya?

In kuwa inji yana ruri amma bakin tiyo a bushe, kashe shi tukuna. Kada a bar shi yana gudu ba ruwa ana jiran ikon Allah. Tsakanin inji da tukunyar ruwa akwai wani zobe da ke tare ruwa, kuma ruwan ne ke sanyaya shi. Mintoci kaɗan a bushe sun isa su ƙone shi. Buɗe marfin sama ka cika tukunya da ruwa. In ruwan ya tsaya, madalla. In yana zurarewa ƙasa, robar nan mai buɗewa da rufewa, wadda ake ce wa kilape, ta tsufa ko tsakuwa ta maƙale mata. Ciro tiyon tsotso ka duba rariyar bakinsa, ko laka da ciyawa sun like ta.

Sai babban ɓarawo, wato iska. Tiyon fitar da ruwa in ya huje kowa zai gani, don yana feshi. Na tsotso kuwa ba ya ɗiga, iska yake sha a ɓoye. Alamarsa ita ce ruwa ya riƙa fitowa yana yankewa, da kumfa, kamar mai tari. Bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, zuba ruwa a kai inji na aiki. Inda ka ga ruwan ya shige, ko fitar ruwa ta gyaru na ɗan lokaci, nan ne ramin. Sau da yawa robar tsohuwar taya da ɗauri mai kyau sun gama magana.

In duk wannan lafiya lau ne, ɗauko igiya ka ɗaura mata dutse ka auna daga inda inji ke zaune zuwa fuskar ruwa. Nan ne mutane da yawa ke zargin inji a kan laifin da ba nasa ba. Irin wannan inji ba ya jawo ruwa kamar yadda ake jan guga. Iskar da ke cikin tiyo yake cirewa, sai nauyin iskar sararin sama ya danna ruwan rijiya ya hau, kamar mai shan lemo da tsinke. Nauyin nan kuwa yana da iyaka: ko tiyo ba shi da ɗigon iska, ruwa ba zai haura kimanin mita 10 ba. Wani masani ɗan Italiya mai suna Torricelli ya bayyana dalilin tun 1643. A aikace, da zafin ruwa da lanƙwasar tiyo da tsufan ƙarfe, mita 7 zuwa 8 ne ƙarshe. Tun daga mita 6 ma za ka ga ruwan ya fara raguwa.

Ka tuna kuma rijiyar Disamba ba ita ce rijiyar Afrilu ba. Kowa na ja, rana na ƙonawa, ruwa na sauka. Injin da ya cika kwami a lokacin dashe yana iya kasawa a bazara alhali ko ƙusa ɗaya ba ta kwance masa ba. Sayo wanda ya fi shi ƙarfin doki ba ya ƙara ko taƙi ɗaya a kan wannan iyakar. Abin da ke aiki shi ne a kusantar da inji ga ruwa, shi ya sa ake haƙa rami gefen rijiya a saukar da shi. Amma a nan muna roƙonku don girman Allah: hayaƙin inji yana ɗauke da guba marar wari da ke taruwa a wuri mai zurfi, tana kayar da mutum bai sani ba. Ramin ya zama mai faɗi, a buɗe. Kada kowa ya zauna ciki inji na aiki, kada a tura yaro, kuma kada a taɓa saukar da inji mai tashi cikin rijiya da mutum a ciki.

Akwai lokacin da injin ne da gaske. In ruwa na ɗiga tsakanin inji da tukunya, zoben nan ne ya tafi. Makaniki zai canza shi, kuɗinsa bai kai ya kawo ba. In rijiya mai yashi ce, fankar ciki tana cinyewa a hankali, sai ka ga inji na ihu, ruwa na zuwa kamar na buta. Ita ma ana canza ta. Namu na gida da muka yi shekaru da shi, zobe da fanka duk an taɓa canza masa, ya ci gaba da aiki. Ranar da muka haƙura da shi, alamu uku suka haɗu: hayaƙi shuɗi, baƙin mai na ƙarewa kafin lokacinsa, igiya kuma in ka ja ba ta da nauyi. Makanikinmu ya kwance ya duba, ya ce: «Baba, in munka gyara wannan, kuɗin sun wuce rabin sabo, kuma ban yi maka alkawarin ya kai girbi ba.» Muka gode masa da ya faɗi gaskiya. Wannan ma'aunin muke riƙe da shi har yau.

Wajen sayen sabo, igiyar awo ce ke gaba, ba kwali ba. A kwali za ka ga an rubuta mai inci uku yana ba da kusan lita 1000 a minti, mai inci biyu kimanin 600. Wannan lissafin na ruwan da ke dab da inji ne. Ƙaramin foraj na fayif bai cika ba da haka ba. Babban inji zai zuƙe shi nan take, ya koma shan iska da yashi, ya ƙone mai a banza. A irin wannan wuri mai inci biyu ya fi riba. Tambayi makanikin garinku wane iri ne ake samun kayan gyaransa a kusa. Sa a tayar da shi a gabanka da ruwa a cikin gangar. Ka sani kuma sabon inji yakan zo ba baƙin mai a cikinsa, kuma man farko ana zubar da shi bayan awa 20. Tsohon kuwa kar a sayar wa ƴan gwangwan. Karbirato da igiya da tankinsa za su yi rana.

Maganar mai ma ta shiga lissafi. Tun da Najeriya ta cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, sannan aka rufe iyaka bayan Yulin shekarar, mun ga yadda man da muka saba samu da araha ya zama abin nema. Wasu sun mayar da injunansu na gas, wanda matatar Damagaram ke fitarwa tun 2011. Wasu sun koma ga famfon hasken rana da ake nutsarwa cikin ruwa. Shi turo ruwa yake daga ƙasa, don haka iyakar mita 8 ba ta shafe shi ba. Sai dai kuɗin farko na da nauyi, ba ya aiki da dare in ba batir, kuma yashi na kashe shi. Maƙwabta uku ko huɗu masu garka kusa da juna na iya haɗa hannu a kansa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu kowa ya ajiye buji ɗaya, zobe ɗaya da robar ɗauri a buhunsa, ya riƙa auna rijiyarsa duk mako yana gaya wa na kusa da shi, don ruwan ƙasa ɗaya muke sha. Wanda nasa ya tsaya kuma, a ara masa na yini ɗaya kafin ya gano ciwon. Allah ya sa mu girbe lafiya, ya kawo kasuwa mai albarka.