Dunduniya Ma Tana Da Haƙƙi

Duk cikin gaɓoɓin ɗan Adam babu wadda aka raina kamar dunduniya. Ita ke taka ƙaya, ita ke faso da hunturu, amma ba mai tunawa da ita sai ran da ta ƙi ɗaukar mai ita. Alhali cikin ƙasusuwa 26 da ke sawun mutum, nata ne mafi girma.

Tun da masaƙar KTL ta rufe a 2002, magidanta da yawa a nan Makera suka koma aikin gini. Mahaifin wani ɗalibina na cikinsu. Ran nan ya faɗo daga saman bene, ya dira a tsaye, dunduniyarsa ta dama ta murƙushe. Maƙwabta suka ce a kira maɗori.

Ni ban raina maɗora ba, na ga hannuwan da suka gyara. Sai dai dunduniya ba sanda ba ce kamar ƙwauri. Cikinta kamar soso yake. In ta murƙushe lotsawa take yi, gaɓar da ke bisanta ta nutse, karan ɗori kuwa ba ya ɗago abin da ya nutse. Haka na gaya wa ƙanensa, aka yi karo-karo aka kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959.

Likitoci suka jira kumburi ya saɓe, sannan suka tsaga gefen ƙafar, suka ɗago ƙashin, suka ɗaure shi da ƙarfe da kusoshi. Ramin da ya rage suka cike shi da ɗan ƙashin da suka yanko daga ƙugunsa. Wannan shi ne dashen ƙashi, ko da yake ba kowace karayar dunduniya ke bukatarsa ba. Aka raba shi da sigari don kada ciwon ya ƙi kamewa. Wata uku bai taka ƙafar ba, ɗalibina kuwa zangon karatu guda ya yi yana tura baro a kasuwa.

'Yan'uwa marubuta, mun cika littattafanmu da karayar zuciya. Ga karayar da ke hana gida cin tuwo, ita ma tana jiran alƙalaminmu. Allah Ya sa mu dace.